Ranar da Baba Ya Ɗinke Rigar Jamusawa

Ni mutum ne mai saurin fushi, duk layin telolinmu na Fagge an san haka, kuma ban taɓa musu ba. Amma ranar da na fi cika na yi fam, ban sami wanda zan sauke wa ba, domin wanda ya yi mini ɓarnar mahaifina ne.

Shagon namu asalinsa na Baba ne. Kakanmu ya taso daga ƙasar Barno da allurarsa ya zauna a unguwar Kwaciri, Baba ya gaji surfani a hannunsa, ni kuma da nake auta na gaji shagon da kekunan ɗinki. Yayana bai taɓa son ɗinki ba, shi yadi yake sayarwa a kasuwar Kwari. A shekarar da abin nan ya faru Baba ya haura tamanin, hawan jinin ido ya cinye masa gani, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Yana bambance haske da duhu, yana gane mutum idan ya yi magana. Duk da haka kullum sai ya zo shago, ya zauna a bencinsa na bakin ƙofa, ya miƙo hannu ya ce, “Auta, ina nawa?” Ni kuma in ba shi wuyan riga ko bakin aljihu.

Aikin ba ya fita kamar da. Layin da ya kamata ya miƙe sai ya karkace, zare ya hau inda ba a zana ba. In ya tafi gida da yamma sai in warware in sake, washegari in ɗora masa a cinya in ce mai kaya ya yaba. Yakan shafa ya ce alhamdu lillahi.

Wata safiya mai adaidaita sahu ya goge shi a bakin titi, ya faɗa kwata ya kuje gwiwa. Yaya ya ce shi ke nan, zuwa shago ya ƙare. Ban ga laifin Yaya ba, amma na ga idon Baba. Tun rasuwar Inna babu abin da ya rage masa a gidan sai bango da rediyo. Ya ce mana, “In kun zaunar da ni, ku sayo likkafani ku ajiye kusa, kada ku sha wahalar nema.” Aka yi ta ja, daga ƙarshe aka tsaya a kan Yaya zai riƙa kawo shi a babur da safe ya ɗauke shi da yamma. Sai dai Yaya ya kafa sharaɗi a gabanmu duka: ranar da Baba ya ɓata wa wani kaya, ranar ce ta ƙarshe. Baba ya ce ya yarda, ai shi bai taɓa ɓata wa kowa kaya ba. Ni dai ƙasa na kalla.

Ana cikin haka Cif ya zo da aikinsa. Cif Inyamuri ne, haifaffen Sabon Gari, babban dila a kasuwar Singa, madara da sukari da taliya tirela-tirela. Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Baba ne ya ɗinka masa gajeren wandon makaranta yana yaro, shi ya sa har ya yi furfura bai taɓa kai ɗinki wani wuri ba, kuma bai taɓa shiga shagon bai russuna wa Baba ba.

'Yarsa ta tafi karatu Jamus ta haɗu da miji a can. Uwar angon ta fito ne daga zuriyar wasu attajiran 'yan kasuwa na wani gari a kudancin ƙasar, mutanen da suka yi tashe wajen shekara ɗari biyar da suka wuce. Cif ya haddace tarihinsu kamar na kakanninsa. Ya ce kakan nasu masaƙi ne ya shigo birni daga ƙauye, jikokinsa suka kama fataucin yadi da jan ƙarfe da azurfa har sarakuna na yi musu fadanci, kuma gidajen da suka gina wa talakawa har yau akwai mutane a ciki. “Ka ji fa,” in ji shi, yana buga teburin yankana, “masaƙi! 'Yan kasuwa ne irina, ba wasu 'yan boko ba.” To dangin angon sun shirya liyafa, kowa zai sa kaya irin na zamanin kakannin nan, yadda aka zana su a hotunan da ke rataye a gidansu. An ce wa Cif akwai na haya a can. Ya ce Allah ya kiyaye ya aurar da 'yarsa cikin rigar da wani ƙato ya yi gumi a ciki. A Fagge za a ɗinka masa.

Ya miƙo mini waya. Wani mai gemu ne a zanen, ya sha kunu, da hula shimfiɗaɗɗiya kamar faifai a kansa. Rigar baƙa ce, ta kama ƙirji, hannuwan sun kumbura suntum. Abin da ya tsayar da ni shi ne duk rigar a tsattsage take. Ƙirji, kafaɗa, hannu, ko'ina tsaga a jere, jan alharini na leƙowa ta ciki.

Na ce, “Cif, wannan faɗa ya yi kafin a zana shi?”

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce 'yarsa ta yi masa bayani, da gangan ne. Mai arzikin wancan zamani yakan sa a tsaga masa yadi mai tsada don a san bai dame shi ba, kuma a ga na ciki ya fi na waje. Ya ce, “Tsagar nan ita ce rigar. In babu ita, direba za su ɗauke ni.”

Yarinyar ta aiko da baƙin karan-miski da jan alharinin daga can, daidai awo, ko tafin hannu ba ragi. Wanda ya san karan-miski ya san halinsa, yadi ne mai riƙo. In allura ta shiga ta fita sai ta bar shaida, in ka kankare gashinsa ba ya tsirowa.

Ban gaya wa Baba komai a kan tsagar ba. Na san shi sarai. Mutumin da in ƙyalle ya faɗi ƙasa sai ya lalubo ya ajiye a gwangwani, ba zai zauna yana jin ina keta sabon yadi da hannuna ba. Ga shi ba ya ganin hoton balle in nuna masa. Na ce masa kawai rigar Turawa ce Cif ke so. Na jira ranar da Yaya ya kai shi asibitin ido, na shimfiɗa rigar, na zana da alli, na yi bisimilla na kama tsagawa. Gumi na ɗiga, ina zagin Jamusawa da kakanninsu a zuci. Na bi bakin kowace tsaga na kalmashe don kada ta zare, na jawo jan ya leƙo. Da na ɗaga ta, wallahi sai da ta burge ni. Na ninke na sa a ƙasan kabad, na ɗora wasu kaya a kai.

Ranar da Cif zai karɓa, saura maɓallai da gashin tsuntsun da ake soka wa hular. Washegari da asuba zai kama hanyar filin jirgi, don haka ya ce yau zai biyo bayan la'asar. Yaya ya sauke Baba da hantsi, na rasa aikin da zan ba shi don duk na tattara hankalina a kan rigar, na ce ya ɗan huta, yanzu zan dawo. Na shiga kasuwar Sabon Gari. Maɓallan da nake so ba su samu da wuri ba, gashin tsuntsu kuwa sai da na dangana da masu kayan rawar gargajiya. A hanyar dawowa wata tirela ta gitta a wajen Singa ta toshe ko'ina. Na yi azahar a hanya, na iso shago rana ta karkata.

Tun daga bakin layi na hango baƙin abu a cinyar Baba. Na ƙara sauri.

Yana cizge zare da haƙori na shigo. Fuskarsa a sake, rabon da in ga ya yi fara'a haka tun Inna na da rai. Ya ce, “Auta ne? Matso nan. Yi magana a hankali.” Na durƙusa. Ya kamo hannuna ya ɗora a kan rigar. “Na je neman abin yi a kabad na ji ta. Ban san abin da ya same ka ba, ko almakashi ne ya kufce maka, ko ɓera ne. Ba sai ka faɗa mini ba. Na rufe su duka. Shafa ka ji, ba wanda zai sani.”

Na shafa. Sumul. Babu tsaga ko ɗaya, jan alharinin duk ya koma ciki an binne shi. Surfani yana son ido, amma haɗa baki biyu na yadi aikin yatsa ne, kuma yatsun Baba ba su makance ba. Baƙin zaren da na bari tare da rigar ya sa a kan baƙin karan-miski, ɗinkin ɓoye, ƙanana kamar ƙwayar gero.

Na fita bayan shago na sami wata jarkar ruwa na yi ta harbi da ƙafa har maƙwabcina ya leƙo ya tambaya ko lafiya. Na ce lafiya lau. Raina ya ɓaci da Baba, ya ɓaci da Cif da surukansa, ya fi ɓaci da ni da na bar tsoho shi kaɗai da kabad a buɗe. Bayan fushin kuma sai tsoro, domin na san babur ɗin Yaya na nan tafe.

Na dawo na karɓi rigar na ce zan goge. Na juya wa Baba baya, na ɗauki reza, na kai ta bakin taga ina neman zaren. Ban gan shi ba. Ga shi babu wuta. Na haska da fitilar waya, na ga kamar wani ɗan ƙulli a kafaɗa, na sa reza. Sai ji na yi ƙiris, na kankare gashin yadin, wuri ya yi fari-fari kamar kan ɗan yatsa. Na ajiye rezar.

Sai ga hon ɗin motar Cif. Ya shigo da fara'arsa, ya russuna ya gaida Baba, ya ce, “Ina kayan angwanci?” Kafin in haɗa ƙaryar da zan yi, ƙarar babur ta tsaya a ƙofa. Yaya ya yi sallama ya shigo yana cire hular kwano.

Cif ya ɗaga rigar, ya juya gaba, ya juya baya. Fara'ar ta zube. Ya ce, “Ina tsagar?”

Na ce, “Cif, ni na kama su. Don kada su buɗe wajen guga. Yanzu zan warware.”

“Yanzu? Kai, kada ka yi mini wasa da hankali. Gobe war haka ina sama. Na gaya wa surukaina telan Kano zai nuna musu aiki, 'yata ta gaya wa kowa. Wannan kuma mene ne a kafaɗa?” Muryarsa ta hau, ta fara jawo mutanen layi. Ban taɓa jin Cif ya ɗaga murya a gaban Baba ba sai ranar.

Yaya ya matso. Ya karɓi hannun rigar ya kai kusa da idonsa, ya ja yadin kaɗan. Shi ba tela ba ne, amma a gindin bencin nan ya girma. Ya ɗago ya dube ni, ya ce a hankali, “Yaushe ka iya wannan ɗinkin?”

Na ce, “Yaya, na ce ni na yi. In da mai magana, ya yi da ni.” Na riga na shirya yin rigima da kowa, in ta kama a yi dambe a yi, muddin za a manta da bencin bakin ƙofa.

Sai Baba ya buga sandarsa a ƙasa. “Auta, rufe mini baki. Tunda nake ban taɓa barin wani ya ɗauki aikina ba, mai kyau ko mummuna.” Ya juya wajen da ya ji muryar Cif. “Ɗana, ni na ɗinke. Na ji ta a yage na rufe. Me ya faru?”

Cif ya sauke numfashi, ya ja kujera ya zauna a gaban Baba, ya ajiye wayar tunda ba ta da amfani, ya shiga kwatanta masa hoton da baki. Ya faɗi mai gemun, da hular, da masaƙin da jikokinsa suka yi arziki, da yadda suke sa a tsaga musu riga don jan ciki ya fito.

Baba ya ce, “Da gangan?”

“Da gangan, Baba.”

“Sabon yadi?”

“Sabo fil.”

Baba ya murza gemunsa. Can ya ce, “To ai shafi ne.” Muka dube shi. Ya ce, “Shafin alharini da muke sa wa babbar riga ta ciki. Attajiran da can, in sun saɓa riga a kafaɗa, kana tsammani zafi suke ji? So suke a ga jan. Mu naɗewa muke yi, su kuma ba su da haƙuri, sai suka yaga.” Cif ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ciki ba. Baba ya miƙo hannu. “Ba ni. Auta, kawar da rezar nan, na ji abin da ka yi da ita.”

Ya zaro allurarsa daga jikin hula. Ya bi da yatsa har ya sami inda ya ƙulla, ya sa bakin allura ya ɗago, ya ja zaren ya fito gaba ɗaya, santal. Tsagar ta buɗe baki, jan ya leƙo. Ya wuce ta gaba. Ni ina biye ina jawo alharinin ina shafa gashin yadin da ɗanyen ƙyalle don ramukan allura su kwanta. Rana na sauka, hasken ƙofa na ja da baya, ni ina ƙara matsawa waje don in gani, shi kuwa ko a jikinsa. Wani wurin zaren ya tsinke a tsakiya, sai in zuba masa ido har ya lalubo ɗaya bakin. Cif ya duba agogo ya fi a ƙirga. Yaya na tsaye jikin ƙofa, hannu a ƙirji, idonsa a kan yatsun Baba.

Ana shirin kiran magariba ya ja zaren ƙarshe. Na dasa maɓallai a tsaye. Inda na kankare a kafaɗa na ɗan matso da wuyan rigar ya rufe rabi, sauran rabin yana nan, duk wanda ya duba da kyau zai gani. Cif ya sa rigar a kan singileti, ya ɗora hular faifan, ga tumbi ya turo jan alharini ta kowace tsaga. Telolin layi da suka taru suka fashe da dariya, wani ya ce Cif ya zama kankana da aka yanka don gwaji. Shi ma ya dara, ya juya a gaban madubi, na ga ransa ya dawo.

Da ma Cif ya san da sharaɗin Yaya, don Baba ya taɓa ba shi labari. Ya dafa kafaɗar Yaya ya ce, “Kai, dube ni nan. Ba abin da aka ɓata mini. In ka zaunar da tsohon nan a gida saboda rigata, ni da kai ne.” Yaya ya sosa ƙeya. Na ga shi ma mafita yake nema. Ya ce, “To, Baba, tunda mai kaya ya ce ba a ɓata ba, shi ke nan. Mu tafi, gobe na kawo ka.”

Wani sanyi ya ratsa ni. Na fara tattara zarurrukan da ke ƙasa don kada a ga idona.

Baba bai tashi ba. Ya ce, “An ɓata. Gyarawa aka yi.” Ya juyo wajena. “Auta, kana tsammani ban sani ba? Yatsana ya san ɗinkina. Wanda kake ɗora mini a cinya da safe ka ce an yaba, ba nawa ba ne, naka ne. Na daɗe da sani. Na yi shiru ne don ina son zuwa.”

Na ce, “Baba…”

“Bari in gama. Yau da na sa hannu a kabad na ji rigar nan a yage, Allah ya sani, murna na yi. Na ce yau dai Auta ya yi kuskure. Yau ni ma zan rufa masa asiri, ko sau ɗaya, yadda yake rufa mini.” Ya yi murmushi. “Ashe nan ma aiki na ƙara maka.”

Duk bakin nan nawa da layi ke tsoro, ranar ya mutu. Kuka ne ya zo mini, irin wanda ba na iya tuna rabona da shi, na durƙusa a gabansa ina cewa ba haka ba ne, ba haka ba ne, alhali ni da shi mun san haka ne. Ya lalubo aljihun rigata, ya soka allurarsa a bakin aljihun, ya daddanna da yatsa don kada ta faɗi. Sannan ya dogara sanda ya miƙe, ya ce wa Yaya su tafi kada sallah ta wuce su.

Washegari na riga kowa buɗe shago. Na share bencin, na zana wuyan wata farar riga da alli mai kauri, na sa zare a allura na ajiye a gefe. Da hantsi na ji ƙarar babur ɗin Yaya ya shigo layi, na fito bakin ƙofa. Ya rage gudu, ya dube ni, ya girgiza kai. Bayansa babu kowa.